Faifan Habi da Aka Rataya a Gamana

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Tawa ta layin masu gyaran salula ya san rumfar Illa. In bai san sunansa ba, ya san ƙarar bafil ɗinsa, wato babbar lasifikarsa. Turin waƙa yake yi: ka kawo katin salularka, ka faɗi abin da ranka yake so, ya zuba maka. Mutumin Affala ne, gajere, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma wallahi a Adar kaf ban ga mai kunne irin nasa ba.

Tun yana saurayi ya bi 'yan garinsu bida, wato ci-rani, zuwa Abijan. Wasu dako suka yi, wasu talla, shi kuwa Allah Ya jefa shi shagon wani mai kwafar kaset. Can ya gane cewa waƙa ɗaya tana iya fita da ranta, tana iya fita a mace, ya danganta da hannun da ya kwafe ta. Da ya dawo gida ya auri Safi, ya kafa teburin kaset. Kaset ya wuce, ya koma faifan sede. Sede ma ya wuce, ya sayi tsohuwar ordinata, kwamfuta ke nan, ya shiga turi. Abin da bai taɓa rabuwa da shi ba tun Abijan shi ne kas ɗinsa, wato abin sauraro na ɗorawa a kunne, wanda sosonsa ya zube Safi ta ɗinke masa da ƙyallen atamfa.

To amma sana'ar turi ba ruwanta da mai kunne. Mai saye ba ya tambayar ko waƙa ta fita da kyau, tambayarsa guda nawa suka shiga. Don haka sai a matse waƙa a mai da ita MP3 ƙarama, a zubar da rabin abin da ke cikinta, a ƙara mata bas har ƙirji ya riƙa rawa. Illa yana yi, tun da da shi ake cefane, amma yana yi yana tsaki. Muktari, mai turi na rumfar kusa, kullum sai ya tsokane shi: "Kai dai Illa, kunnenka zai kashe ka da yunwa!"

Wata safiya bayan an gama yankan hatsi, wani dattijo ya tsaya a bakin rumfar, dogo, da rawani da sanda. Ya ce sunansa Alƙasum, daga Takanamat. Ya zaro wani ƙunshi daga aljihu, ya warware tsumma, sai ga faifan sede, da guntun zare ɗaure ta ramin tsakiyarsa.

Illa ya ɗaga shi ya duba a hasken rana, sai da ya yi salati. Duk ya kakkarce, gefensa ya fara ɓarewa har haske na ratsawa, ga wata 'yar tsaga siririya a bakin ramin.

"Baba, mi ya samu faifan ga?"

Dattijon ya zauna a kan benci ya ba shi labari. Matarsa Habi, 'yar Abzinawa ce, kuma a zamaninta ba wadda ta kai ta goga anzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya na matansu. Wata shekara wasu baƙi suka zo daga nesa suka ɗauki kiɗanta a tsakar gida, daga baya suka aiko mata da faifai ɗaya. Ba su da abin sa shi, kuma ba wanda ya san inda baƙin suka nufa. Aka ajiye shi a akwati. Bara Habi ta rasu. Da damina ta kewayo, Alƙasum ya nome mata gamanarta, 'yar gonar da take nomawa don kanta. Da gero ya fara nuna, tsuntsaye suka sauka, ya ga maƙwabta suna rataya tsofaffin faifai a gonaki don walƙiyarsu ta kore su.

"Sai na ce, gonarta ta, faifanta na. Wa ya fi ta cancantar tsaron hatsinta? Na aza ƙarfe na, ɗana. Ban san rana da iska na cin shi ba, sai da ɗiyarmu Nasiratu ta zo ta gani ta fasa kuka."

Allah Sarki! Illa ya buɗe baki zai yi faɗa yadda ya saba, ya dubi fuskar tsohon, ya haɗiye.

"Mi kake so in yi, Baba?"

"In ji ta. Ko sau guda."

Muktari ya leƙo ya ce a sa shi a lojisiyel, wato manhajar kwafa da kowa ke amfani da ita, kafin shayi ya tafasa an gama. Illa ya san wannan lojisiyel ciki da bai. Yana juya faifai da gudu, in ya iske wurin da ya karce sai ya tsallake, ya cike gurbin da ƙarya, ya matse sauran. Ga shi kuma da idonsa ya taɓa ganin faifai mai tsaga ya tarwatse cikin na'ura saboda wannan gudun. Akwai wani kuma a ordinatarsa, wanda bai cika taɓawa ba don ba mai haƙurin jiransa. Shi wannan a hankali yake juyawa, in ya yi shakkar wuri sai ya koma ya sake karantawa, ya sake, har ya tabbata, sannan ya ajiye sautin a FLAC ba tare da ya rage komai ba. Sai dai wuni zai yi yana juyi, kuma faifan da ke ɓarewa yana iya ƙarasa lalacewa in na'ura ta yi zafi.

Bai ɓoye wa dattijon ba. "Baba, na farko awa mai roron wake da gaggawa shike, abin da ya faɗi ya faɗi, kuma yana iya fasa faifan. Na biyu komawa shikai ya tsince ƙwaya-ƙwaya, amma zai daɗe, kuma ban da tabbas faifan zai jure. In ya mutu a hannuna, ba wani."

Alƙasum ya ce, "Kai ka san aikinka. Ni dai kada a rage mata komi."

Illa ya yanke zaren da reza. Ya wanke faifan da ruwan sanyi, ya goge shi da auduga daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Ya cire ordinatar daga wutar gari ya jona ta da batirin sola, don kada a ɗauke wuta a tsakiyar aiki. Ya rage gudun juyi iya raguwa, ya yi bisimilla ya tura. Sannan ya yi abin da ba a taɓa gani ba a layin nan: ya kashe bafil, don kada bas ya girgiza teburin.

Kai, ranar layin masu salula ya zama wani iri! Mutane suna zuwa suna tambaya ko lafiya. Duk wanda ya miƙo kati, Illa ya nuna masa rumfar Muktari. Shi yana zaune da mafici yana yi wa na'ura fifita, idonsa a kan layin da ke rarrafe a allo. In ya yi ja gabansa ya faɗi, in ya wuce ya sauke numfashi. Aka yi azahar, aka yi la'asar, dattijon yana nan kan benci yana jan tasbaha, ko tambaya bai yi ba.

Da rana ta yi sanyi, layin allon ya isa gefen faifan da ya ɓare, ya cije, ya ƙi gaba. Illa ya tsayar. Waƙoƙin ƙarshe sun tafi, ba mai dawo da su, ya kuwa faɗa wa Alƙasum haka. Amma na farkon sun fito, kuma lojisiyel ɗin ya kwaso har da ɗan tsakanin da ke raba waƙa da waƙa, wanda mai saurin nan yake yarwa.

Bai buɗe su da abin da yake yi wa kasuwa kiɗa ba. Ya zaɓi wani lojisiyel da ba ya ƙara bas, ba ya ƙara ƙara, abin da aka ba shi kawai yake miƙawa. Ya taimaki dattijon ya sassauta rawani, ya ɗora masa kas ɗin Abijan, shi kuma ya jona 'yar ƙaramar wayar kunne ya saƙala.

Tsarki ya tabbata ga Allah. Illa ya yi shekaru yana cin abinci da waƙa, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Ba kiɗan kaɗai ya fito ba. Ana jin gashin doki yana kama tsirkiya kafin sauti ya tashi, ana jin awarwaronta yana taɓa ƙoƙon anzad, ana jin inda take jan numfashi. Can baya kaza tana tono, wani yana daka a gidan maƙwabta. Tsakar gida ce sukutum, da ranarta da mutanenta, ta tashi daga cikin abin da ya sha iska da rana a gona. Tsigar jikin Illa ta tashi, ya ji tsoro da daɗi lokaci guda, har ya manta da mafici a hannunsa.

Waƙar farko ta ƙare. A ɗan tsakanin, aka ji ta ajiye abin gugar, ta yi gyaran murya. Sai muryarta ta fito, kusa ƙwarai, da Hausarta ta Abzinawa, tana juyowa wajen wani da ke zaune a gefe.

"Baban Nasiratu, kana nan?"

Alƙasum ya miƙe zaune, tasbahar ta zame daga hannunsa. Da ƙarfi ya amsa, yadda mai kas a kunne yake magana bai san ƙarfin muryarsa ba, har mutanen layin suka waiwayo.

"Ina nan, Habi. Ina nan."