Asusu Biyu a Gidan Gwaggo

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai ba da magani ce a wani kemis da ke bakin titi, tsakanin shagon gyaran waya da wurin wankin mota. Tun ina ƙarama na san ta da farar riga mai aljihu biyu, ɗaya na biro, ɗaya na tabarau. Ba ta miƙa wa mutum magani sai ta juya kwalin ta duba ranar lalacewarsa, ko da ita ce ta jera shi da safe. Da na gama jami'a na koma gidanta da zama kafin in samu aiki. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa take kirana Uwata.

Mutanen unguwa ba su san tana da wani aikin na sa kai ba. Idan ta dawo daga kemis da la'asar, sai ta buɗe tsohuwar kwamfutarta a kan teburin falo, ta shiga kundin ilimin nan na intanet wanda kowa ke iya gyarawa. Shafukan magunguna take bi, tana cire abin da ba shi da madogara, tana ƙara abin da ta tabbatar a littafi. Sunan da take aiki da shi a can shi ne Ma'auni. Shekaru ta yi a kai, kuma duk abokan aikinta sun ɗauka namiji ne, har wasu na ce mata Malam Ma'auni. Ba ta taɓa gyara musu ba. Ta gaya mini cewa ta ga irin maganganun da ake jefa wa matan da suka bayyana kansu, ita kuwa aiki ta je yi.

Mijinta mai gyaran agogo ne, muna ce masa Baba. Teburinsa na ƙofar gida, cike da ƙananan sukurori da batura. Likita yake kiranta don tsokana, yana cewa ita kaɗai ce likitan da ke faɗa da mutanen da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Ita kuma ta ce masa ya ji da agogunan da suka mutu tun zamanin kakanni.

Rigimar ta taso ne a shafin wani ganye. Wani edita mai suna Gaskiya Zalla ya rubuta cewa ganyen yana warkar da ciwon suga, ya dogara da wani bidiyo. Gwaggo ta cire, ta bayyana dalili. Ya mayar. Ta sake cirewa, ya sake mayarwa. Dokar wurin ta hana mutum ya yi ta juya gyaran wani fiye da sau uku a yini, don haka ta janye hannunta ta koma shafin tattaunawa. A can ya kira ta yaron kamfanonin magani. Ta amsa masa da sunayen littattafai. Na ga yadda take goge jimla idan ta ji da zafi a ciki, ta sake rubuta ta a sanyaye, haƙoranta a cije.

Ana cikin haka wani sabon asusu ya ɓullo, Mai Wucewa. Ya rubuta cewa Ma'auni ne ke da gaskiya, kuma mutum ne da ya san magani fiye da kowa a wurin. Duk lokacin da aka taso mata, sai ya fito. Gwaggo ta ji daɗi, ta ce wa Baba ashe har yanzu akwai masu hankali a duniya. Baba ya ce ai dama, ya ci gaba da shan shayinsa.

Wata ranar Asabar da hantsi ta buɗe kwamfutar, sai na ga ta cire tabarau ta goge, ta mayar. An toshe asusunta. Gaskiya Zalla ya kai ƙara, masu bincike sun duba, sun gano cewa Ma'auni da Mai Wucewa daga layin intanet ɗaya suke shigowa. Hukuncin ya ce mutum ɗaya ne ya buɗe asusu biyu don ya ƙara wa kansa goyon baya. A wurin, wannan laifi ne babba. An liƙa jan tambari a shafinta, a saman duk aikin da ta yi. An bar mata damar ɗaukaka ƙara kawai.

Mu uku ne a gidan, kuma ni ce mai digiri. Ta juyo ta dube ni.

"Ke, zo nan."

Ba ta ce Uwata ba. Na zo na tsaya a bayan kujerarta. Ta tambaye ni ko na san Mai Wucewa, na ce a'a. Ta ce in dube ta in sake faɗa. Ni kuwa tun ina yarinya, idan aka tsare ni da ido sai muryata ta shige ciki, in yi kama da mai laifi ko ban yi komai ba. Ta ce ta san don ƙauna na yi, amma in gaya mata gaskiya, domin sunanta ne a ƙasa.

A lokacin ne na tuna wani abu. Kwanakin baya Baba ya kira ni teburinsa, ya miƙo mini wayarsa, ya ce in nuna masa inda wata 'yar alama mai lanƙwasa take ɓuya a madannai. Na nuna masa ban kawo komai a raina ba. Da alamar nan editoci ke sa hannu a ƙarshen maganarsu. Mai gyaran agogo ba shi da abin yi da ita.

Ban iya faɗa ba. Na dai juya na kalli ƙofa. Baba yana tsaye a wurin da gilashin aikinsa a goshi, ya ji komai. Na ci gaba da kallonsa, shi kuma yana kallon ƙasa. Gwaggo ta bi idona.

"Likita, ki ƙyale yarinyar nan," in ji shi. "Ni ne."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta tambaye shi yaushe ya fara, ya faɗa mata. Ya ce yana jin ta tana huci a gaban kwamfuta, wani ƙato yana zaginta, shi kuma yana zaune kamar kujera. Ya ce bai rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Ta ce masa duk abin da ya rubuta gaskiya ne, sai dai sunan: shi ba mai wucewa ba ne, a gidan yake kwana.

Baba ya kawo shawara. Ya ce a rubuta musu cewa wani maƙwabci ne ke shan intanet ɗin gidan, ai ba wanda zai zo ya duba. Na san shawarar ta shige Gwaggo. Da maƙwabci, Ma'auni zai ci gaba da zama Malam Ma'auni. Da gaskiya kuwa, dole ta rubuta kalmar mijina a inda kowa zai karanta, har da Gaskiya Zalla, kuma babu tabbacin za a yarda da ita.

Ta tashi ta shiga kicin. Muka ji ta tana wanke kofunan da na riga na wanke. Da ta fito, ta ce wa Baba ya kawo wayarsa.

"Malam, kai za ka fara. Ka rubuta ko kai wane ne a wurina, da cewa ban sani ba. Kada ka yabe ni."

"Ko kaɗan?"

"Yabonka ne ya kawo mu nan."

Ya sauko da gilashin daga goshi zuwa idonsa, ya yi ta danna haruffa da yatsa ɗaya kamar mai ɗaura allurar agogo. Sau da yawa ya ɗago zai ƙara wani abu, ta girgiza kai. Sannan ta rubuta nata. Ta ce ita mace ce, Mai Wucewa mijinta ne, ba ta san ya buɗe asusu ba, amma ta amfana da goyon bayansa a muhawarar, don haka tana roƙon a soke duk maganganunsa. Ta karanta mana a fili. Ta aika.

Kwanakin jiran sun yi nauyi. Tana zuwa kemis tana dawowa, ba ta tsokanar kowa. Baba ya daina ce mata Likita. Gaskiya Zalla ya rubuta cewa labarin miji tsohuwar dabara ce, ya ƙara da wata magana a kan matan da ba su da aikin yi a gida. Wani edita ya goge maganar ya gargaɗe shi, amma Gwaggo ta riga ta karanta. Jimlar ganyen kuma ta koma shafin, tana zaune daram.

Amsar ta zo wata rana da la'asar. Mai gudanarwar da ya duba ƙarar ya ce ya bi tarihin gyare-gyarenta, ya kuma auna bayanan biyu, ya yarda da ita. Ya buɗe asusunta ya cire jan tambarin. Na Baba zai ci gaba da zama a rufe. Amma akwai sharaɗi: kada ta taɓa shafin ganyen, ko shafin tattaunawarsa, har sai wasu editoci sun yanke hukunci.

Ta buɗe shafin. Jimlar tana nan, a layi na biyu, inda duk mai ciwon suga zai fara gani. Maɓallin gyara yana aiki yanzu. Na ga kibiyar kwamfutar ta hau kansa ta tsaya. Baba ya leƙo daga ƙofa.

Ta janye hannunta. Ta tafi zauren da editocin shafukan lafiya ke haɗuwa, ta rubuta cewa akwai jimlar da ke buƙatar idon wani, ita an hana ta taɓawa, kuma ba za ta faɗi ra'ayinta ba. Ta sa hannu da sunan Ma'auni. Sannan ta buɗe shafin wani maganin tari da ta bari rabi tun kafin rigimar.

"Uwata," ta ce, ba tare da ta juyo ba, "miƙo mini koren littafin nan. Kuma ki gaya wa Mai Wucewa shayinsa ya huce."