Diddigen Baba Maliki

Duk wanda ya sayi alayyafo ko salak a Birnin Kebbi cikin rani, da wuya a ce bai taɓa cin na Baba Maliki ba. Lambunsa yana gangaren fadama, daidai inda kwatar gari take zubewa. Ruwan baƙi ƙirin, ga wari mai hawa kai, amma tsohon cewa yake ruwa ne da ya zo da takinsa. Ni maƙwabcinsa ne, na sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa sai ya ce in iyayi ya ishe ni in daina cin miyar gidansa.

Ban-ruwa irin nasu da ƙafa ake yi. Mutum zai tsaya cikin hanyar ruwa, ya buɗe bakin fangali da diddige, in ya cika ya turo laka ya toshe, ya matsa gaba. Wanda ya shigo da takalmi kuwa ya zama abin dariya, a ce ɗan ofis ya zo noma. Haka Maliki ya gada, haka ya yi har furfura ta cika masa gemu.

Abin alfaharinsa ɗaya ne: tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa haɗiyar ƙwayar asibiti ba, allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. In zazzaɓi ya zo, sabara da maɗaci sun ishe shi.

Ran nan fasasshiyar kwalba ta yanke shi a diddige. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, don a wajensa wannan ba ciwo ba ne. Ƙafa ta kumbura, ta fara ruwa, har ta hana shi tsayuwar salla. 'Yarsa Rauda, wadda ita kaɗai yake shakka, ta sa shi a keke mai ƙafa uku sai asibiti.

Aka ba da magani, shiru. Aka sake wani, aka koma allura, kumburi sai hawa yake yi. Ina zaune a bakin gadon ranar da likitan, wani matashi mai suna Muhyiddeen, ya zo da sakamakon gwaji. Ya ce ƙwayoyin cutar da ke cikin raunin sun riga sun san magungunan nan, ba sa jin su.

Maliki ya yunƙura ya zauna. "Ƙaƙa? Ni da ban taɓa shan maganinku ba sai yanzu! Ina sunka san shi?"

Likita ya ce, "Baba, ba a jikinka suka koya ba. A ruwan da kake shiga ne."

Ya yi mana bayani. Kwata tana kwaso dattin gidaje, da na marasa lafiya, da na gidajen kaji, inda ƙwayoyin bakteriya suka daɗe suna gamuwa da magani har wasu suka gagare shi. A cikin ruwan kuma akwai bairos, waɗanda suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Bairos zai shiga bakteriya ya hayayyafa, ya fasa ta ya fito. Wani lokaci sai ya fito ɗauke da guntun halinta na gado, ya kai wa wata bakteriyar. In guntun na gagarar magani ne, shi ke nan, waccan ma ta gagara.

Rauda ta dafe ƙirji tana salati. Ruwan da muke tsallakewa kullum muna toshe hanci, ashe abin da ake ƙullawa a cikinsa ke nan!

Maliki ya dubi ƙafarsa. "Yanzu likita, ba ta da magani?"

"Za mu gwada na ƙarshe, Baba."

Na ƙarshen ma bai yi ba. Ciwon ya doshi gwiwa, aka ce ko ƙafa ko rai. Mutumin da bai taɓa yarda da allura ba, da bakinsa ya ce a yanke.

Aka yi aikin. Da ya farfaɗo, Rauda ta gaya masa an naɗe ƙafar a farin ƙyalle, za a kai a binne kamar yadda aka saba. Wani ɗan'uwansa ya ce a sa ta a gefen lambun, tunda can ta ƙare rayuwarta. Maliki ya riƙo hannuna da ƙarfi, idonsa ya kawo ruwa.

"A'a. Ku kai ta bisa tudu, ku gina rame mai zurhi, inda ruwa ba ya kai. Kar abin da ac cikinta shi koma shi koya ma wasu."