Baƙin da Wasila Ta Ƙi Ƙirgawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Wasila Gharbi a wani asibiti a Tunis, babban birnin ƙasarmu Tunisiya, bayan jinyar da ta ɓoye mana har sai da matakalar ofis ta gagare ta. Ni Nabiha, teburina na jikin nata a sashen ƙididdigar tafiye-tafiye tun muna da sauran ƙuruciya, kuma har yau na kasa kallon kujerarta.

Wasila, ke kika kawo mana dabarar ƙirga baƙi da wayar hannu. Duk layin wata ƙasa da ya kama turken sadarwarmu, na'ura ta ce baƙo ya shigo, ba suna, ba lamba, adadi kawai. A bazarar farko masu shigowa daga Aljeriya suka yi yawan da ba a taɓa gani ba. Ofis ya kaure da murna, har alewar baƙlawa aka raba. Ke kaɗai kika ƙi ci. Kika ce, "Nabiha, wane irin baƙo ne wannan? Kullum ya zo da hantsi, ya koma kafin la'asar, kuma ko taku ɗaya ba ya ƙarawa."

Kika ja ni muka hau motar haya har tsaunukan Ghardimaou, a bakin iyakarmu da Aljeriya. Daga ƙauyen ƙarshe muka hango baƙin namu a tsallaken kwari. Matan ƙauyukan Aljeriya ne a kan rufin gidajensu, suna shanya kuskus ɗin shekara kamar yadda iyayenmu ke yi duk bazara, kowacce da wayarta a aljihu. Da sun hau sama sai wayar ta kama turkenmu. Kika yi ta dariya har kika zauna a ƙasa, wata tsohuwa a can tana ɗago mana hannu.

Da muka dawo kika cire su, adadin ya faɗi warwas. Si Munsif, mataimakin darakta, ya zo har teburinki yana cewa, "Madam Wasila, ki rufa mana asiri, an riga an kai wa manya albishir." Kika ce, "Si Munsif, aika musu mota su zo su kwana a otal, ni kuma in rubuta su da hannuna." Tun daga ranar ƙarin girma ya daina sanin hanyar teburinki, ba ki kuma taɓa kai kuka ba. A cikin wannan hali ne kika ɗauke min aikina lokacin jinyar mahaifiyata, kina zuwa asibiti da miya a kwano, kina yi min faɗa in ci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ran sadakar ukunki, a falonki, da kofin gahawa a hannunsa, Si Munsif ya raɗa min cewa tunda mai taurin kan ta tafi, sai a mayar da matan cikin rahoton bana. Raina ya ɓaci. Rahoton ba ya fita sai da sa hannuna, na kuma san abin da zai same ni. To ga amsata a fili, Si Munsif: ban sa ba, ba zan sa ba. Ka ɗauke kujerata in kana so.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Si Lutfi, da 'ya'yanta Sirin da Uns, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya Allah Ka jiƙan Wasila, Ka haskaka kabarinta, Ka sa gaskiyar da ta tsare ta tsaya mata ranar hisabi, Ka sada ta da Aljanna Firdausi.

Ki kwanta lafiya, 'yar'uwa. Bazara na tafe, matan za su hau rufi, kuma muddin ina kan teburin nan, a ƙasarsu za su kwana.