Yaƙin Kawu Samran

Duk namijin da ya tashi a ƙauyenmu, can cikin lardin Surin, ya haddace yaƙin Kawu Samran. Ba don yana so ba. Samran ne kaɗai mai aski tsakaninmu da bakin titi, kuma mutumin da ya ɗora maka aska a maƙogwaro ba za ka ce masa ƙarya yake yi ba. Sai ka zauna a kujerarsa ta gindin tsamiya, ya yafa maka zane, ya karkata kanka, ya fara: su bakwai ne a kan dutse a bakin iyaka, harsashi ya ƙare, ruwa ya ƙare, abokan gaba sun kai ɗari biyu. Idan gashinka da yawa, sukan kai ɗari biyar kafin ya iso ƙeya. A ƙarshe ya naɗe hannun riga ya nuna maka tabon da ɓarɓashin bam ya bar masa a dantse.

Gaskiyar kuwa ga ta. Kamar kowane ɗa namiji a Thailand, da Samran ya cika shekara ashirin da ɗaya ya je zauren gunduma a watan Afrilu ya cusa hannu a tulun ƙuri'a. Baƙin kati, ka koma gidanku. Jan kati, ka ba soja shekara biyu daga rayuwarka. Ja ya zaro, ya kuwa sulale a sume, sojojin nan biyu da ake tsayarwa a baya don masu sumewa suka tare shi. Bayan horo, wani saje ya tambaya wa ya iya da dabbobi. Samran ya tuna ɓaunar gidansu ya ɗaga hannu. Washegari ya tsinci kansa a Bangkok, a gidan wani janar, gaban karnuka uku farare masu gashi buzu-buzu, kowanne bai wuce girman matashin kai ba. Na uwargida ne. Babbar cikinsu, mai baƙar zuciyar, Biskit sunanta.

Shekara biyu yana yi musu wanka, yana busar da su, yana taje su, yana rage musu gashi da almakashi. A shekararsa ta farko aka yi juyin mulki. Mu dai wannan ba baƙonmu ba ne: da talabijin ta yanke wasan kwaikwayo ta sa kiɗan fareti, mata su tafi sayen ƙwai da taliya, maza su zauna jiran a gaya musu wa ya ceci ƙasa a wannan karon. Samran yakan ce ranar da tankoki suka fito yana kan aiki, kuma nan kam bai yi ƙarya ba. Yana asibitin dabbobi rungume da Biskit, wadda ta haɗiye maɓallin riga.

Da ya dawo gida aka yi masa caa da tambaya, a ina aka kai shi. Kunya ta kama shi, ya ce, "Kan iyaka." Kalma biyu kawai ya faɗa. Shekara talatin da wani abu suka yi suna hayayyafa.

Manya dai sun sani. Matarsa Lamduan ta fi kowa sani, don ya gaya mata tun kafin aure, lokacin da yake da sauran hankali. Teburinta na kwaɗon ɗanyar gwanda yana dab da kujerar askin, kuma duk ƙauye ya gane cewa idan ƙarya ta yi ƙiba, taɓaryarta takan ƙara ƙarfi a turmi. Amma ba ta taɓa tona shi ba. Takan ce ƙaryar da ba ta cin shinkafa a bar ta ta zauna. Mutum ɗaya ne tak ya gaskata komai, har da ɗari biyar ɗin: ɗansu tilo, Wichit, wanda tun yana rarrafe yake gindin kujerar nan yana sha.

Bara aka yi musayar wuta a kan iyaka da gaske. Muna jin igwa kamar tsawa daga kudu, aka kwashe mu zuwa wata makaranta muka yi kwanaki a kan tabarmi. Samran ne ya fara hayewa a-kori-kura, akwatin askinsa a ƙirji. Daga baya ya ce ya yi gaba ne don ya duba hanya. An yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin wani yaro daga ƙauyen da ke gaba da mu ya taka nakiya, ya dawo wa uwarsa da ƙafa ɗaya. Akwai jam'iyyar da ta taɓa yi mana alkawarin soke ƙuri'ar soja. Hotunan 'yan takararta suna nan manne a bangon kanti, kotu ta rushe jam'iyyar, tulu kuwa yana nan daram.

Bana Wichit ya cika ashirin da ɗaya. Yana cikin cin abinci ya ce shi ba zai sa hannu a tulu kamar mai caca ba. Zai miƙe ya ba da kansa, ya kuma roƙi a tura shi bakin iyaka, inda babansa ya yi.

Samran ya so ya hana shi, amma bakinsa ya riga shi. "Ɗan soja kenan," ya ce.

To, a nan ne lissafi ya shigo. Kowace gunduma akwai adadin samarin da ake nema. Duk wanda ya ba da kansa, sai a cire jan kati ɗaya daga tulu. Wannan lissafin ko tsohuwar da ba ta san baƙi ba ta iya shi. Kafin mako ya zagayo, duk uwar da ɗanta zai ja ƙuri'a bana ta gano cewa ashe akwai jarumi a ƙauyen nan ba a kula da shi yadda ya kamata ba.

Wadda ta fi zaƙewa ita ce maƙwabciyarsu Buasai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Udom, sa'an Wichit. Shekara ashirin tana kiran Samran Janar na Gindin Tsamiya. Sai ga ta da gasasshiyar kaza da kwandon shinkafa mai danƙo, daidai lokacin da Wichit yake wurin yana wanke babur.

"Yaya Samran, don girmanka maimaita mana na kan dutsen nan. Ku nawa ne ma?"

"Bakwai."

"Kai, maza sun faɗi. Su kuma ɗari biyar ko?"

"Ai ba a ƙirga na bayan dutse ba."

"Ka ji ko, Wichit? Irin wannan jinin ba a wulaƙanta shi a tulu. Nawa Udom ɗin ko kaza aka yanka sai ya kau da kai."

Samran ya ci kaza, ya ci kifi, ya ci ayaba da madarar kwakwa, har wandonsa ya fara matse shi. Tunda yake ba a taɓa sauraronsa ba sai da aska a hannunsa, abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Taɓaryar Lamduan kuwa ta yi shiru. Wannan shirun ya fi dukan turmi damunsa.

Ana saura kwana uku ta same shi yana wasa aska.

"Baban Wichit, kazar ta yi daɗi?"

"Me kuma na yi?"

"Tambaya na yi. Ɗanka suke saye da cinyar kaza, kai kuma kana lashe hannu."

"Mutane sun gane darajata ne kawai."

"Darajarka. Buasai da bakinta ta ce ko ɓera ya shigo gidanmu ni ake kira, ba kai ba. Na bar ka da ƙaryarka don ba ta cin komai. Yanzu ta buɗe baki, ɗana za ta fara ci. Ka gaya masa."

"Zan gaya masa."

Bai gaya masa ba. Sau biyu yana kiran yaron gefe, sau biyu yana ƙarewa da tambayarsa ko ya duba man babur. Tsoro yake ji, ba na mutane ba, na idon yaron. A duk duniya ido biyu ne kawai suke kallonsa a matsayin wani abu.

Ranar ƙuri'a zauren gunduma ya cika maƙil, ga zafin Afrilu kamar a gasa mutum. Samari na zaune a ƙasa sahu-sahu ba riga, an auna tsayinsu da faɗin ƙirji, an rubuta wa kowa lamba a dantse. Wasu sun rataya layun da malaman haikali suka tofa wa albarka, wasu sun ƙulle gefen zanen uwa a aljihu. Iyaye na bayan igiya da ganguna da mafitai. Wani hafsa ya ɗauki lasifika ya ce jan kati goma sha biyu ne suka rage, kira na ƙarshe, ko akwai mai ba da kansa.

Wichit ya miƙe. Matan ƙauyenmu suka ɗauki guɗa da tafi, Buasai a gaba.

"Wichit, zauna," in ji Samran.

Ganga ta haɗiye maganar. Ya kama igiya ya ɗaga murya.

"Wichit! Ban taɓa zuwa iyaka ba!"

Kamar an haɗa baki, masu ganga suka tsaya. Hafsan ma ya sauke lasifika, don su ma ba kullum suke samun abin kallo ba. Samran ya ga ba sauran hanyar komawa, sai ya ƙarasa.

"Karnuka na yi wa wanka. A gidan janar, a Bangkok. Guda uku. Ko bindiga ban sake taɓawa ba bayan horo."

"Tabon fa?" wani ya tambaya daga baya.

"Biskit ce ta cije ni."

"Wace ce Biskit?"

"Babbar."

Dariya ta fara daga gefen masu sayar da ƙanƙara ta bi zauren kaf. Wani tsoho da Samran ya yi wa aski jiya-jiya ya ce, "To askin fa, a ina ka koya?" Maza sama da talatin suka kai hannu suka shafa kawunansu. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma ranar ya sha ta a bainar jama'a, ya tsaya riƙe da igiya zufa na zuba masa.

Wichit bai yi dariya ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon ubansa, har hafsan ya ce, "Samari, ciki ko waje?" Sai ya koma ya zauna a sahu, ya sunkuyar da kai. Jan kati suka tsaya a goma sha biyu.

Bayan cin abincin rana aka fara. Hafsa ya ɗaga tulu sama da kai, a kira lamba, yaro ya cusa hannu, jama'a na rera baƙi, baƙi, baƙi. Duk jan da ya fito, wata uwa ta fashe da kuka, sauran su rage ɗaya a yatsunsu suna ɓoye murna. Kafin a zo kan ƙauyenmu sha ɗaya sun fita. Wichit ya sa hannu ya zaro baƙi. Lamduan ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da zane. Shi kuwa ya ɗauki rigarsa ya fice ta ƙofar baya, bai kalli kowa ba.

Mutum biyu suka biyo baya, baƙi, baƙi. Sai Udom. Ya daɗe yana lalube a tulun kamar mai zaɓen ƙwai a kasuwa. Hafsa ya warware takardar ya ce ja, sojan ƙasa, rukunin farko. Udom bai sume ba, ya dai juyo yana neman uwarsa da ido. Aka kife tulu, sauran samari suka watse da ihu. Kowa ya yi lissafin a ransa: da Wichit ya ba da kansa, da sha ɗaya ne a ciki, da an tashi tun kafin a kira lambarsa.

A-kori-kura ɗaya ce ta kawo 'yan ƙauyenmu, ita ce kuma za ta mayar da mu. Wichit ya bi abokansa a babur. Udom na can ana cika masa takardu. Samran ya samu kansa a zaune gwiwa da gwiwa da Buasai, kwandon da ta kawo wa ɗanta abinci a cinyarta. Ya shirya wa zagi, har so yake ta zage shi. Aka wuce gonakin shinkafa busassu, aka wuce haikali. Sai da aka sauka daga kwalta ta ɗago.

"Yaya Samran."

"Na'am."

"Janar-janar ɗin nan, har yanzu matansu na kiwon karnuka?"

"Ina jin suna yi."

"Ranar ɗaya ga Mayu za su tafi da shi. Kafin nan ka koya masa. Wankan, da askin, da yadda ake riƙe su kada su yi cizo. Idan saje ya tambaya wa ya iya, ya zamana shi ne ya fi kowa."

Samran ya so ya gaya mata cewa abin sa'a ne, cewa cikin dubu ɗaya ake ɗauka, sauran kuma inda aka ga dama ake tura su. Ya dubi fuskarta ya ga ta riga ta sani.

"Ki turo shi gobe da safe," ya ce. "Ya zo da karen gidanku."