Piriz Ɗaya a Zaure

Har yau in na ga ɗan farin akwatin nan mai kunnuwa biyu a maƙale jikin bango, sai raina ya ɓaci. Repeta ake ce masa. Aikinsa ya karɓo wifi daga inda yake da ƙarfi ya miƙa shi gaba, kamar yadda ake miƙa kwano a taron suna. Ni na sayo shi da hannuna, shekarar da mijin yayata ya rasu na koma gidanta taya ta zaman takaba.

Gidan dogo ne. A bakin titi shagon marigayi yake, inda yake cika wa masu manyan motoci takardun duwan, wato kwastan, kuma nan uwar wifin take. Sai zaure, sai tsakar gida, sai ɗakin Yaya can ƙurya ta wajen kogi. A ɗakin nan rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya zama. Waya ta kama na Benin ta saki, ta kama na Nijar ta saki, ta bar ka da hoton mutum baki buɗe. Mai takaba kuwa ba ta fitowa shago cikin maza tana ɗaga waya sama.

Ɗanta na fari yana Aljeriya yana aikin gini, ko gawar ubansa bai gani ba. Ranar Juma'a kaɗai yake samun kira, bayan an sauko masallaci. Labari ya iso mana ta bakin wani abokinsa cewa ya gaji da ginin, yana shirin bin ayari ya nausa wajen teku. Yaya ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu, kunyar ɗan fari. Sau ɗaya tak ta yi maganar, tana tsintar shinkafa, ko dubana ba ta yi ba.

"Auta, in ya ga idona ba shi tahiya."

Washegari na shiga kasuwa na sayo repeta. Da farko a ɗakinta na jona shi, ya tsare ni da jan ido. Na koma wurin wanda ya sayar mini, wani mutumin Kamba, ya ce abin ba ya ƙirƙirar wifi, sai an ajiye shi tsakiya inda zai jiyo uwar. Tsakiyar gidan nan kuwa zaure ne, kuma piriz, wurin jona wuta, ɗaya ne a cikinsa, ƙasa-ƙasa bayan ƙofa. Na jona, ido ya yi kore. Muka sha wa'azi, muka ga dangi na Gaya tangaran kamar suna tsakar gida. Na ce to, magana ta ƙare.

Juma'a ta zo, aka sauko masallaci, abu ya mutu murus. Ba ɗauke wuta aka yi ba, ga fanka tana juyawa. Zauren cike da maza masu gaisuwa, ba damar in leƙa. Da suka watse wajen magariba sai ya dawo da kansa, kamar bai yi komai ba, saƙon yaron ya faɗo cewa ya kira bai samu ba.

Ba abin da ban yi wa akwatin nan ba. Na soka masa allura a ramin baya ya manta komai, na sake sa lambobin sirrin. Na karkata kunnuwansa gabas da yamma. Na sauke uwar daga kan kabad ɗin ƙarfe, don an ce ƙarfe yana shanye ta. Na goge tsohon suna daga wayar Yaya, don an ce tana maƙale masa. Na mayar wa mutumin Kamba kayansa, na wanke shi tas a gaban jama'a, ya sake mini wani. Duk mako lafiya lau, Juma'a na zuwa sai jiya i yau.

Na ce wa Yaya ta aika wa yaron da murya ta ce kada ya tafi. Ta karɓi waya, ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta sa albarka, ta miƙo mini. Bakinta ba zai iya ba. Ni na aika masa tawa, mai zafi. Ya amsa yana dariya, wai ai Inna ba ta ce ba.

Ranar da na gane, ruwan sha na kai bakin zaure. Na sunkuya zan ajiye, sai ga repeta a ƙasa cikin takalman mutane, a gurbinsa kuwa cajar wani baƙo. Wan marigayi ne ke zama karɓar gaisuwa. Gadar kan iyaka a rufe take lokacin, mutanen ƙetare da kwalekwale suke zuwa duk Juma'a, su iso waya ba caji, shi kuma ya cire abin da ya tarar ya jona musu. In sun tafi ya mayar. Ni ina can ina zagin bawan Allah a kasuwa, ashe ɓarawon yana cikin gida da carbi a hannu.

Na bari sai da safe, na durƙusa har ƙasa na yi masa bayani da ladabi. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Mutum shi ƙetaro ruwa don shi yi muna gaisuwa, in hana mishi wuta saboda abin wasan mata?"

Na haɗiye. Na sayo doguwar waya mai ramuka da yawa, na jona repeta a ɗaya, na bar musu sauran. Na ce yanzu kowa ya samu, ba mai cewa an hana baƙo.

Juma'ar nan Yaya ta yi wanka, ta zauna bakin katifa da waya a cinya. Aka sauko masallaci, abu ya mutu. Na miƙe, ta riƙe mini zane, ta ce kada in kunyata gidan mijinta, in jira su rage. Na jira. Ina jin su suna ta hirar farashin albasa. Da na ga inuwa ta kai bakin rijiya sai na fizge zanena na shiga zauren nan ba sallama. Kowane rami da waya a cikinsa, repeta yana kan taga an ɗora masa hula. Na tumɓuke wadda ta fi kusa, na danƙa wa mai ita a hannu, na mayar da abina. Wan miji yana ta salati, ban ko waiwaye shi ba.

Kafin in kai ɗaki kiraye-kirayen da aka rasa sun jeru, da saƙon murya ɗaya. Yaya ta danna.

"Inna, na yi ta kira ban same ki ba. Mota ta zo. Ki yahe mini, ki yi mini addu'a."

Na kira, na sake kira, lambar a kashe. Yaya ta kife wayar a kan tabarma. Na zaci kuka za ta yi, ko ta ce in kira mata wan mijin nan ta faɗa masa abin da ya yi. Sai ta ce, "Tashi ki kai ma baƙon ga ruwa, ki ba shi haƙuri."

Ruwan na kai, don ita ta aike ni. Haƙuri kuwa ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba.

Ta fita takaba, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ba wanda ya sake taɓa piriz ɗin. Repeta yana nan da koren idonsa, wifi har bayan ɗakinta. Duk Juma'a in an sauko masallaci Yaya takan yi wanka ta zauna bakin katifa da waya a cinya. Lambar ba ta sake buɗewa ba.