Ragar da Hodi Ya Saƙa wa Zayyanu

Duk wanda ya zauna unguwar Badariya ta Birnin Kebbi a shekarun farko na Jihar Kebbi, in bai san Zayyanu mai walda da suna ba, to ya san ƙofofinsa. Lokacin ma'aikata sun kwararo daga Sakkwato, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa, gini ta ko'ina, kuma kowane gida sai da ƙofar ƙarfe. Zayyanu dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, sai fa in an taɓo masa ƙwallon kwando. To nan kam nemi wurin zama, don ba yanzu za ka tashi ba. Abin dariyar shi ne, har ya kai shekara ashirin da huɗu bai taɓa riƙe ƙwallon da hannunsa ba.

Ɗan Argungu ne, gidan masunta. Yana ɗan shekara goma sha biyu wani malamin makaranta, Malam Abdussamadu, ya dawo daga karatu a Amurka da bidiyo da kaset ɗaya tak na wasan ƙwararru. Duk Asabar da hantsi sai ya buɗe wa yaran unguwa tagar ɗakinsa, su tsaya daga waje su yi kallo. Sauran yara sun gaji tun a sati na uku. Zayyanu shekara biyu ya yi yana zuwa, har Malam ya fara ajiye masa kujera.

Ga shi da tambayar tsiya. Me mutanen nan suke ci suka yi wannan tsawo? Daɓen nan mai sheƙi, mai ake shafa masa? Don me ƙato zai riƙa buga ƙwallo da ƙasa yana tafiya, alhali zai iya rungumarta ya ruga? Malam ya amsa wasu, wasu kuma ya ce shi ma bai sani ba, lissafi ya je karantawa. Kaset ɗin ma yankewa yake saura minti uku a tashi, saboda haka Zayyanu bai taɓa sanin waɗanda suka ci ba, masu rigar rawaya ko masu koriya. Ya girma, aka canza wa Malam gari, amma wasan nan bai bar ransa ba. In yana aiki ya tuna yadda suke tashi sama, sai ka ga ya tsaya yana murmushi shi kaɗai.

Mahaifinsa Hodi masaƙin homa ne, ragar hannun nan da ake shiga su da ita. Ba a taɓa jin kifi ya shiga homar Hodi ya fita ba. Ya san da haka, kuma ba ya ɓoyewa. Ya so Zayyanu ya gaje shi, Zayyanu ya ce shi ƙarfe yake so. Ranar da ya bar gulbi ya tafi koyon walda, Hodi bai zage shi ba, ko murya bai ɗaga ba. Da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Shekara bakwai, in Zayyanu ya zo ya durƙusa ya gaida shi, sai ya ce "Lahiya lau," ya ci gaba da saƙarsa. Bai taɓa tambayar aikin ba, bai taɓa taka shagon ba. Abin yana cin Zayyanu a rai ƙwarai, kuma ba abin da yake nema a duniya kamar ranar da tsohon zai sa hannu a wani abu nasa.

Ana nan wata rana ya ga ƙwallon kwando a tarin kayan wani ɗan gwanjo a kasuwar Birnin Kebbi, a motse, ba iska. Ko tayawa bai tsaya yi ba. Maƙwabcinsa Rabi'u mai faci ya busa mata iska yana cewa, "Wagga kabewa kuma ta mi ce?" Zayyanu bai kula shi ba. Ya lanƙwasa rodi ya yi zobe, ya kafa dogon ƙarfe a gefen shago, ya buga allon katako. Saura raga. Rabi'u ya ce ya farke buhun albasa ya rataya mana, ai duk raga ce.

"Ɗan Hodi da buhun albasa?" in ji Zayyanu. "Allah shi kiyaye."

Ran Juma'a ya ɗauki zoben ya shiga motar Argungu. Ya tarar da tsohon a zaure. Yanar ido ta fara rufe masa gani, sai da ya ji murya ya gane mai sallama. Bayan gaisuwa Zayyanu ya miƙa masa zoben da hannu biyu ya ce raga yake so a saƙa masa. Hodi ya shafa ƙarfen, ya zagaya shi da yatsa.

"Mi za a kama da shi?"

"Ƙwallo, Baba."

"Aje nan."

Shi ke nan maganar. Zayyanu ya fito kamar an ba shi kujerar Makka, bai ko tuna akwai sauran bayani ba.

Bayan sati uku Goggo, ƙanwar Hodi, ta kawo saƙon a ƙunshe cikin tsumma. Kai, raga ta yi kyau! Ƙulli bi da ƙulli, babu wanda ya fi wani girma. Sai dai Hodi ya yi aikinsa yadda ya saba tun yana yaro: ya tattare gindin ragar ya ɗaure shi tamau, ko ɗan ƙaramin kifin ƙarfasa ba zai samu wurin fita ba. An ce masa ƙwallo za a kama, shi kuwa ya yi abin da zai kama ta.

"Ya ce in gaya maka ita ce ta ƙarshe," in ji Goggo. "Idon ya ƙi. Da lalube yag gama ta."

Rabi'u ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya miƙo rezar faci ya ce a yanke gindin a huta. Zayyanu ya dubi rezar, ya dubi ragar, ya ce ko zare ɗaya ba za a taɓa ba. Haka ya rataya ta. Da la'asar ya tsaya ya yi ta jifa, sai a na goma sha ɗaya ƙwallon ta shiga, ta zauna abinta a sama. Ya nemo doguwar sanda irin ta tuƙa jirgi ya zunguro ta.

To haka aka fara ƙwallon kwando a wannan layi na Badariya: a jefa, a zungura. Samarin da suka fara taruwa sun ɗauka dokar wasan ke nan, har rigima suke kan wanda zai riƙe sanda. Masu wucewa su ce, "Zayyanu, yau kihi nawa?" Shi dai ya yi murmushi. Ya fi kowa sanin ba haka ake yi ba, kuma kowane zunguri yana ɓata masa wasan da ya yi shekaru yana mafarki. Amma yanke saƙar ubansa ta ƙarshe, wannan kam ba da hannunsa ba.

Wata biyu ana haka, sai Goggo ta kawo Hodi asibiti a Birnin Kebbi a duba masa ido. Da suka fito ta ce rana ta yi zafi, direban motar Argungu ɗan layin su Zayyanu ne, su je can su jira shi. Goggo ba ta rasa dabara. Aka zaunar da tsohon a benci a bakin shago, ya amsa gaisuwa kamar kullum. Samari na wasa, ya karkata kunne. Ya ji dukan ƙwallo a ƙasa, ya ji ihu, sannan ya ji ana cewa a kawo sanda.

"Sandar mi?" ya tambaya.

Kafin Zayyanu ya haɗa wata magana, Rabi'u, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya riga ya ce, "Ai Baba gindin ragar buɗe ya kamata shi zan, ƙwallo ta shiga ta wuce. Kai kuma ka ɗaure."

Zayyanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce a ransa shi ke nan, an gaya wa Hodi a gaban yara ya yi kuskure a saƙa, ba zai sake duban inda yake ba. Sai tsohon ya ce:

"Wato a jehwa, ta shiga, ta hita?"

"Awo, Baba."

"To mi aka samu?"

"Shigar ita ce cin, Baba."

Hodi ya kaɗa kai, ya ce duniya da abin mamaki take, ƙatti su yi ta gumi kan abin da ba a kai gida. Sai ya juyo inda muryar ɗansa take. "Kai kuma ka san haka, kana ta zungura da sanda wata biyu?"

"Ban iya yanke saƙarka, Baba."

Goggo ta ja mayafi ta rufe baki.

"Sauko min da ita," in ji Hodi.

Aka kafa tsani aka kwanto ragar. Rabi'u ya sake miƙo reza, Hodi ya ji sanyin ƙarfen a hannunsa ya ture. "Kai yaro, ba a yanka raga. Kwance ta a kai." Ya ɗora ta a cinya, ya laluba ƙullin gindin, ya shiga warwarewa da farce, ɗaya bayan ɗaya. Da ya buɗe ta bai bar ta haka ba, ya bi bakin ya daje shi da zaren da ya kwance. Sai da rana ta yi sanyi ya gama. Zayyanu na durƙushe a gabansa yana riƙe masa gefen ragar.

Aka mayar da ita sama. Hodi ya sa aka matso masa da benci kusa da ƙarfen, ya ce, "Jehwa."

Zayyanu ya jefa, ta bugi allo ta dawo. Ya sake, ko zoben ba ta taɓa ba.

"Ashe ba ka ma iya ba," in ji tsohon, samari suka kwashe da dariya.

Ta uku ta shiga, ta zarce, ta faɗo a gaban bencin ta gangara.

"Ta hita?"

"Ta hita, Baba."

A daidai nan direba ya danna hon a bakin layi. Goggo ta tashi ta kama hannun yayanta, ya zame hannunsa.

"Ce mai shi wuce," in ji Hodi. "Gidan Zayyanu za ni kwana. Kai kuma ɗauko ta ka sake, ɗaya cikin ukku ba iyawa ba ce."