Wane Mahamadun Kike Nema?

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da ƙanena da yake jan motar, bayan mun kwana a can daga Kaduna. Ba yawon buɗe ido ya fito da mu ba. Likita ya sa wa Baba ranar cire yanar da ta rufe masa ido, shi kuma ya kafe cewa ba mai kusantarsa da wuƙa sai ya ji muryar ƙanensa Mahamadu sun yafi juna. Tare suka yi dako a Ikko tun ba a haife ni ba. Baffa ya koma gida Adar, Baba ya maƙale a Kaduna. Lambar da muke samun Baffa da ita ta daɗe da daina shiga, an dai ce ya bar ƙauyensu ya koma wajen Buza. Aikin idon kuwa mako mai zuwa ne.

Ku da kuke bibiyata kun san halina. Malamar Ingilishi ce ni, jan biro ba ya barin jakata, kunnena kuma ba ya barin kuskure ya wuce lafiya. To muna tsallaka iyaka a Ƙwanni, Turancina ya zama kayan ado. A can waya salula ce, makaranta lakwal, kwalta gudoro. Hausa dai Hausa ce, amma Faransanci ne gishirinta. Galmi kuwa tun ba mu shiga ba hanci ya gaya mana mun iso, albasa buhu kan buhu, da araha mai sa mutumin Kaduna jin haushi. A Madawa muka sayi kilishi da niyyar tsaraba. Allah ya yafe mana, ko Buza bai kai ba.

Daga Madawa hanya ta fara nuna mana halinta. Duwatsu baƙaƙe, kwazazzabai, motar tana rawa, ni ina salati. Amma kaka ce, ko'ina ka duba dammunan gero ne a jingine, ga manyan rumbunan ƙasa masu tumbi a bakin kowane ƙauye. Na yi ta kallo ina cewa a raina, ashe nan ne Baba yake nufi duk sanda ya ce gida.

A Buza muka tsaya wajen wani mai shayi kusa da tasha, dattawa sun cika bencinsa. Na gaishe su, na ce Mahamadu nake nema, wanda ya taɓa zaman Ikko. Mai shayin ya dube ni da tausayi.

"Wane Mahamadu, madam? Rabin bencin ga Mahamadu na, har da ni. Nan ba a biɗar mutum da sunan yanka. Kowa yat tahi bida, da maganad da yak kawo aka kiran shi."

Bida ita ce ci-rani a bakinsu. Nan ya shiga gabatar min da su. Waɗanda suka yi Abijan akwai Sava, akwai Dusuma, wato lafiya lau da sannu-sannu a Faransanci. Na Najeriya kuma ga Nowahala, ga Hawfa, wanda a littafina tambayar nisa ce amma a titunanmu gaisuwa. Ga wani siriri Gosulo, sunan da muke ba cunkoson motoci, kuma an ce duk garin ba wanda ya kai shi saurin tafiya. Duk Turancin da nake kashewa da jan biro, ga shi nan zaune da furfurarsa yana kurɓar shayi. Na yi dariya, amma ni ban san wace magana Baffa ya kawo ba.

Na kira Baba na gaya masa. Sai ya fashe da dariyar da rabona da jin irinta tun idon ya fara. "Mahamadu? Ai ko akuya ya gani tana kiwo sai ya ce mata waldon." Bature sai an gama aiki ya yi kyau yake faɗin haka, mu kuwa mun mai da shi sannu da aiki. Ina maimaita kalmar, benci ya ɗauka gaba ɗaya: "Waldon! Ai da kin hwaɗi tun ɗazu! Shina Tabotaki wurin ɗanai."

Ko shayin ban ƙarasa ba muka kama hanya. Shanu suka tare mu sau da yawa, makiyayan ba sa gaggawa, shanun ma haka. Wasu mata suka sayar mana da fura da nono mai kauri, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Muna hango rufin Tabotaki taya ta fashe. Ƙanena ya durƙusa yana fama da jak, gumi har a gira, ni ina tsaye ina ba shi shawarar da bai nema ba. Sai ga wani tsoho a kan jaki, da damin gero a gabansa. Ya rage tafiya, ya ɗaga hannu ya ce, "Waldon!"

Na ce, "Baffa Mahamadu?"

Ya ja jakin ya tsaya. "Rabon da a kira ni haka tun Inna na da rai. Ɗiyar wa ce ke?"

Na ce ɗiyar Idi ce ta Kaduna. Ya sauko a hankali, ya riƙe hannun ƙanena da duk baƙin mai, yana kallon fuskarsa. Sai ya juya ya ƙwala wa masu aiki a gona kira: "Ku taho! Ɗiyan Tektan na!" Ashe Baba ma yana da suna a garin da bai taɓa takawa ba. A Ikko kullum yana ce wa Baffa tek taim, wato bi a hankali, Baffa kuma ya yi ta ba da labarinsa har yara suka haddace. Ni da na zo ina baƙuwa, sai ga tsofaffin mata suna tambayata ko har yanzu Tektan ba ya cin yaji.

Cikin gari waya ba ta kamawa sosai, sai an hau wani tudun dutse. Muka hau da la'asar, Baffa yana gaba, ni ina haki a baya. Na kira Baba, na miƙa wa Baffa wayar. Sai na ji muryar Baba: "Mahamadu, ban zo jana'izar Inna ba." Baffa ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "Na yahe tun tuni, Yaya. Kai ma ka yahe man. Tahi a gyara idon ka taho ka gan mu." Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Mun kwana biyu ana ɗura mana tuwon gero da dambun zogale. Ranar tafiya yara suka bi motar suna ihun "Sori! Sori!" Ashe duk wanda ya yi tuntuɓe ko tari sai na ce masa sori. Ni ma na samu nawa. Muka biyo ta Keita, muka ga tafkinta da itatuwan da aka dasa a jikin duwatsu, sannan muka gangaro gida.

Jan birona yana nan, ɗalibai kada su yi murna. Amma na koyo cewa maganar da mutum ya ɗauko a baƙon wuri, ko a karkace take, tana riƙe da shekarunsa da waɗanda ya yi su tare da su. Da sunan yanka kaɗai na riƙe, da har yau ina bencin mai shayi.

An yi wa Baba aiki lafiya. Ranar da aka cire bandeji, kafin ya nemi ganin jikokinsa, hoton Baffa ya ce in ba shi. Ya kai wayar kusa da fuska, ya daɗe yana kallon tsohon nan mai farin gemu a gefen jaki.

"Wannan ai mahaifinmu ne sak," ya ce. Sai ya dubi ƙanena. "Ka gyara tayar motar nan."